Saƙon Godiya Daga Iyalan Marigayi Mahaifinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin mahaifiyarmu da ƙannena da ɗaukacin dangi na nan Daura da na nesa, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana tun daga daren da jikin Baba ya tsananta har zuwa sadakar bakwai da aka yi jiya. Allah da ya ba mu shi ya karɓi abinsa, kuma mun yarda da hukuncinsa. Muna gode wa maƙwabcin da ya fito da motarsa tsakar dare ba tare da an roƙe shi sau biyu ba, da likitoci da ma'aikatan jinya da suka yi iya ƙoƙarinsu, da liman da dattawan da suka yi masa wanka da sutura, da matasan da suka haƙa kabari cikin sanyin asuba. Matan unguwa kuwa sun ɗauke wa gidanmu ɗora tukunya har kwana bakwai, ba mu san daga inda tuwo da fura suke fitowa ba, sai dai mu ga an shigo da su.

Akwai wasu mutane da nake so in ware da godiya ta musamman, domin yawancinsu ba mu san fuskokinsu ba kafin wannan makon. Tun ranar farko ta zaman makoki muka riƙa ganin dattawa suna sauka daga babura da motocin haya, wasu daga Mai'aduwa da Zango da Ɓaure, wasu daga Safana da Batsari, wasu ma sun ƙetaro iyaka ta Kwangwalam daga ƙasar Nijar. Tsofaffin mafarauta ne da masunta da makiyaya. Kowannensu idan ya gama addu'a ba ya tashi, sai ya gyara zama ya ba mu labarin inda ya haɗu da Baba, kuma kusan kowane labari da dariya yake ƙarewa, har wani lokaci sai liman ya yi gyaran murya ya tuna mana cewa zaman ta'aziyya ake yi.

Baba malamin daji ne, ya fara aiki tun Katsina tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, ya ci gaba bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 har ya yi ritaya. Amma ba albashi ne ya kai shi dawa ba, son dawar ne ya kai shi aikin. Ya ga farin 1973 da na 1984 da idonsa, ya ga shanu suna faɗuwa a kan hanya, shi ya sa bai taɓa ɗaukar dashen itatuwa a matsayin aikin ofis ba. Akwai layukan bedi a gefen wasu ƙauyukan ƙasar Daura da yake nuna mana idan mun wuce, yana cewa ya san su tun suna cikin leda. Idan ya tarar da mai sare ɗanyen icce, yakan zauna da shi a inuwa ya yi ta jan sa da raha har mutumin ya ji kunya da kansa, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka zo mana gaisuwa ta wannan hanyar suka zama aminansa.

Mu 'ya'yansa, makarantarmu ta biyu bayan babur ɗinsa ce. Da zarar an kawar da amfanin gona, hunturu ya fara busawa, sai ya ɗauki gorarsa da buta da ƙullin ƙuliƙuli, ya zaɓi biyu daga cikinmu, sauran su yi ta kuka har sai an yi musu alƙawarin mako mai zuwa. A wurinsa muka koyi bambanta sawun zomo da na dila, da kukan fakara da na zabon daji. Shi ya nuna mana cewa gawo yana zubar da ganye da damina ya tofo da rani, wanda ya sa manomi mai hankali ba ya sare shi daga gonarsa, domin ba ya tare wa gero rana kuma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Yana farauta, amma da ƙa'ida: ba ya taɓa dabba mai ciki ko mai shayarwa, kuma ya tsani cinna wa daji wuta saboda gafiya. Sau da yawa mukan dawo hannu wofi, sai aduwa da magarya cike da aljihu, shi kuwa ya shigo gida yana yi wa kansa kirari kamar wanda ya kayar da ɓauna, mahaifiyarmu tana dariya tana tambayar inda naman yake.

Shekarar da ya kai mu Yankari a Jihar Bauchi, mun ga giwaye, amma abin da ya fi zama a zukatanmu shi ne yadda ya riga mu faɗawa ruwan ɗumi na Wikki, yana kiran mu matsorata. Wata rana kuma babur ya mace masa da magariba nesa da gari, ya tura shi har wata ruga, ya kwana uku a can alhali gyaran bai wuce na yini guda ba, saboda hira ta yi daɗi. Ɗan mai rugar nan, wanda yanzu shi ma ya yi furfura, ya zo mana ranar sadakar uku da ƙwaryar nono da man shanu, ya zauna ya yi kuka kamar ɗan cikin gida. Ban san da wace kalma zan gode masa ba.

Abin da ya fi damun Baba a shekarunsa na ƙarshe ba ciwon ƙafa ba ne, rufewar Dajin Rugu ce, wanda ke yankin Safana da Batsari. Dajin da ya sani lungu-lungu, wanda ya sha kwana a cikinsa ba tare da fargabar komai ba sai maciji, ya koma maɓoyar 'yan bindiga, mutanen da ya ci abinci a gidajensu suka watse. Yakan zauna a ƙofar gida da yamma, jikoki sun kewaye shi, yana tsokanar matan cikinsu da cewa duk amarensa ne, can sai ya yi shiru ya fara ambaton sunayen ƙauyukan da ba zai sake takawa ba. Saboda haka zuwan mutanen Safana da Batsari, duk da halin da hanyoyinsu suke ciki, ya taɓa mu matuƙa. Allah ya mayar da ku gidajenku lafiya, ya dawo da zaman lafiya ƙasarku.

Muna kuma gode wa abokan aikinsa na gandun daji, da abokan karatunmu da na sana'a, da duk waɗanda suka kira ta waya ko suka aiko da saƙo. Wanda ya kira bai same mu ba ya yi mana uzuri.

Muna roƙon duk wanda Baba ya saɓa wa, ko da cikin wasa ne, ya yafe masa, domin mutum ne mai yawan barkwanci. Wanda kuma yake bin sa bashi, ko ya ba shi ajiya, ya same ni a gida bayan sallar la'asar kowace rana, za mu sauke masa in Allah ya yarda. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, ya saka muku duka da mafificin alheri.

Babban ɗan marigayi, a madadin iyali.