Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Safa cike da shinkafa

Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri wancan satin kun ji ni shiru, hannuna na hagu ne ya kumbura, tunda aka cire min nono aka haɗa da kaluluwar hammata haka yake min jefi-jefi.

To mun tsaya inda na gama kemo, wato maganin kansa, ko? Da gashi ya fara tsirowa sai na koma rumfata ta atamfa a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, amma matsalar ita ce ƙirji, gefe guda a shafe kamar faranti. Yayata ce ta kawo dabara, ta samu safa ta yara ta cika da shinkafa ta ɗinke bakin, nake cusawa a bireziya. Nauyin ya yi daidai kam, sai dai zufar Kumasi ba ta raga mata, duk bayan 'yan kwanaki sai an sake sabuwa. Ranar da ba zan manta ba, na sunkuya zan ɗauko wa wata Maame turmi a ƙasan tebur sai abin ya sulɓo ya faɗi tim a gabanta, ɗinkin ya ɓalle shinkafa ta watse. Baiwar Allah ba ta ce uffan ba, ta durƙusa tana taya ni tsincewa. A trotro, wato motar haya, har unguwar Aboabo kuka nake cikin mayafi.

Da na koma ganin likita na cire kunya na tambaye shi ko ana iya mayar min. Ya ce ƙwarai ana yi a nan Gana, ko a sa na roba wato silikon a ƙarƙashin fata, ko a yanko tsoka da fata daga baya ko nama daga ciki a gina sabo. Na ce to katina na inshora fa? Ya ɗan yi shiru, ya ce Hajiya je ki ofis ki tambaya.

Ni dai ba zan yi butulci ba, wannan tsari na inshorar lafiya ta ƙasa da aka kafa a 2003 zamanin Shugaba Kufuor ya rufa min asiri, don kansar nono da ta bakin mahaifa suna cikin abin da yake ɗauka, ba don haka ba da rumfar ma na sayar. Amma a takardarsu akwai abubuwan da aka ware, ciki har da tiyatar kwalliya da sassan jiki na roba, kuma matar da na samu a ofis nan ta ɗora yatsa ta ce Hajiya ki shirya aljihunki. Kwalliya fa! Kamar wadda ta zo neman jan baki.

A gida ma babu mai goya min baya. Inna cewa ta yi ke da Allah Ya bar ki da ranki, 'ya'ya huɗu, wa za ki shayar kuma? Maigida ya ce shi bai ga abin da ya rage ba, Allah Ya saka masa, amma ai ba shi ke cire riga gaban madubi ba.

Sai daren Juma'a 'yar kawuna da ke aikin jinya a Bronx ta kira ni ta WhatsApp, na zayyana mata komai. Ta ce Yaya, a Amurka tun 1998 aka yi doka, Bill Clinton ya sa hannu, inshorar da ta biya kuɗin cire nono ita za ta biya na sake ginawa, har da gyara ɗayan don su yi daidai, har da na roba da ake sawa a riga. Na ce ke maimaita min, har ɗayan? Ta ce wallahi. Ba wai zan je Amurka ba, ina ni ina biza, amma daren nan na daina jin kamar son zuciya ne ke damuna.

Washegari na shiga adashe biyu, na kuma ce ta turo min na silikon ɗin na cikin bireziya kafin nan. Yadda muka kwashe da surukata da ta ji labarin adashen, sai sati mai zuwa in Allah Ya kai mu.