Foldar katun da ta kusa rufe mini shago a Mabera

Duk mai sana'ar tura fina-finai a Sakkwato ya san yadda satin Sallah yake, ba sai na tsaya bayanin cunkoso ba, ko yadda memori ke taruwa a kan tebur kowanne da sunan mai shi a guntun takarda. Indiya-Hausa, na Kannywood, waƙoƙi, wa'azi, duk waɗannan hannu ya saba da su, ko ido rufe zan tura. Maganata a kan folda ɗaya ce, wadda har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci.

Ba ni nake sauke manyan fina-finai da kaina ba, kuɗin data ba zai bari ba. Kamar yawancinmu, akwai wanda nake sarin kaya a wurinsa. Yakan cika had-disk ya ba direba ya kawo mini tasha, in kwafe, in mayar masa. A cikin kayan da ya aiko gab da ƙaramar Sallah akwai foldar da shi da hannunsa ya sa wa suna "Katun na yara". Na kyanwa da ɓera suna ciki, na dabbobin daji suna ciki, sai kuma wasu masu sunan Batman da Justice League. Wa zai yi zargin Batman? Yaran unguwarmu suna sa rigarsa zuwa Islamiyya a ƙarƙashin kaftani, hotonsa yana jikin jakunkunan makarantarsu.

Wani dattijo maƙwabcinmu, aminin mahaifina, ya aiko babban ɗansa da filas a cika masa katun saboda ƙannensa su zauna gida su daina yawon rana. Na tura masa foldar yadda ta zo mini.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki sai ga dattijon da kansa a ƙofar shagona, mutumin da bai taɓa tako wurin ba. Na fito na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa gaisuwar yadda ya saba ba, sai cewa ya yi: "Kai yaro, mi kas sa ma ɗiyana cikin wanga abu?" Na ce, "Baba, katun ne." Ya ce in buɗe in kalla a gabansa.

Ashe ƙaramar 'yarsa, wadda ba ta wuce shekara shida ba, ta daina barci. Da dare sai ta tashi tana kuka. Abin da ya fi ɗaga wa gidan hankali shi ne, duk lokacin da mahaifiyarta ta ɗauki jaririn gidan, sai yarinyar ta ruga ta riƙe mata zane tana kururuwa a ajiye shi. An zaci shafar aljanu ce, har an kira malami ya yi mata tofi, an yi hayaƙi. Sai daga baya yayanta ya faɗi abin da suka kalla ranar Sallah.

Fim ɗin shi ne Justice League Dark, na shekarar 2017. Tun a farkonsa, kafin jaruman su haɗu, ana nuna mutane na gari waɗanda sihiri ya juya musu gani, suna kallon 'yan uwansu mutane a siffar shaiɗanu. Wata mata tana bi ta kan jama'a da mota. Wani magidanci ya ɗauki bindiga zai harbe iyalinsa. Sai uwa a saman bene, riƙe da jaririnta, tana ganinsa a matsayin dodo, tana shirin jefo shi ƙasa. Wannan na ƙarshen yarinyar ta gani. Ina tsaye a shagona ina kallonsa a karon farko, dattijon yana tsaye a kaina, jikina ya yi sanyi.

Akwai abin da ban taɓa lura da shi ba sai ranar: yaranmu ba sa jin Turancin da ake yi a fim ɗin. Bayanin cewa tsafi aka yi wa matar, cewa ba a hayyacinta take ba, cewa akwai mugun da ke bayan abin kuma za a kama shi, duk a cikin magana yake. Yaron Amurka da ya kalla aƙalla zai ji dalili. 'Yar Mabera hoto kawai ta samu: uwa za ta jefar da ɗanta. Mutane suna cewa ai tunda ba sa jin yaren babu abin da zai shiga kansu. Ni na ga akasin haka da idona.

Dattijon bai zage ni ba. Da ma zagin ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya kai maganar wurin mahaifina, daga nan ta shiga majalisar ƙofar masallaci, kafin mako ya zagayo matan unguwa sun ji cewa ina tura wa yara fim ɗin aljanu. Gidajen da suke aiko mini da memori duk ƙarshen mako suka ɗauke ƙafa. A sana'ar nan ribar fim ɗaya ba ta taka kara ta karya ba, amanar gidaje ce jarin, kuma ita ce ta zube. Na kira wanda ya aiko mini da kayan raina a ɓace. Amsarsa ita ce, "To ai katun ne, ni ma haka na same shi." Ko haƙuri bai ba ni ba.

Wanda ya wayar mini da kai wani ɗalibi ne na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke zuwa shagona neman irin waɗannan fina-finan musamman. Da na ba shi labari sai ya riƙe baki ya ce, "Yaya, wannan ai harafin R ne a kansa." Ya nuna mini hoton kwalin faifan a wayarsa. A tsarin Amurka, wanda ya fara aiki a 1968, R na nufin ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga kallo sai da iyayensa ko wani babba. Alamar tana nan a bayan kwalin, har da dalilin da ya sa aka ba shi ita. Wato su waɗanda suka yi fim ɗin ba su yaudari kowa ba, sun rubuta gargaɗinsu. Mu ne a hanyarmu ta tura-in-tura muka yar da kwalin. Kamar magani ne da aka zare daga kwalinsa aka ƙulla a leda: ƙwayar tana nan da ƙarfinta, takardar da ke faɗin wanda bai kamata ya sha ba ce ta ɓace. Mu ma muna da hukumar tace fina-finai ta ƙasa tun 1993, tana da alamominta na 12 da 15 da 18, amma fayil ɗin da ya bi ta had-disk daga hannu zuwa hannu bai taɓa bi ta gabanta ba.

Daga nan na shiga bincike, da farko don haushi, daga baya don abin ya ja ni. Tambayata ita ce, me ya sa za a zana fim irin na yara a cika shi da abin da ba na yara ba? Amsar tana cikin littattafan zanen da aka ciro labaran. A Amurka an taɓa yin irin hayaniyar da aka yi a unguwarmu, amma ta ƙasa baki ɗaya. A 1954, bayan iyaye da 'yan majalisa sun yi ca a kan littattafan ban tsoro, masu buga su suka kafa wa kansu dokar da ta hana zana masu shan jini da gawarwaki masu tafiya da makamantansu. An sassauta ta a 1971. Zuwa shekarun 1980 masu karatun sun girma, marubutan suka koma rubuta wa manya. A lokacin ne, a 1985, aka ƙirƙiro John Constantine, matsafin nan ɗan Liverpool mai doguwar riga da sigari a baki, wanda shi ne ainihin jagoran fim ɗin da ya ja mini, ba Batman ba. Littafinsa na kansa ya fara fita a 1988, ya yi fitowa 300 kafin a tsayar da shi a 2013, kuma daga 1993 har zuwa ƙarshensa yana ƙarƙashin Vertigo, sashen da kamfanin DC, mai Batman, ya ware don manyan masu karatu. Batman kuwa, a ganina, an jawo shi gaba ne don faifan ya sayu, kuma fuskarsa ce ta ruɗe mu.

Sai dalili na biyu, wanda ya fi shafar sana'armu kai tsaye. Waɗannan fina-finan ba don tashar yara ta talabijin aka yi su ba. Tun 2007 DC ke fitar da jerinsu kai tsaye a faifai, mai so ya saya ya kai gida. Tunda babu tashar da za ta ce a rage jini saboda yara na kallo da safe, masu zanen suna da sakin hannu. Daga 2016 suka fara fitar da masu R a cikin jerin. Saboda haka duk katun ɗin jarumai da ka ga ya kai awa ɗaya da 'yan mintuna, launinsa duhu-duhu, ba ka kuma taɓa ganinsa a tasha ba, ka tsaya ka duba shi da kyau.

Da na koma cikin foldar nan ina bi ɗaya bayan ɗaya, sai na gode wa Allah da abin ya tsaya inda ya tsaya. Akwai Constantine: City of Demons na 2018 a ciki, wanda labarinsa gaba ɗaya a kan ƙaramar yarinya ne da shaiɗani ya sace wa kurwa tana kwance a asibiti, ga wuraren azabtar da mutane da ni babba sai da na kawar da kai. Akwai na 2020, Apokolips War, inda ake yayyaga jaruman da yara suka fi so a gaban idonsu. Duk a cikin "Katun na yara". Da waɗannan fina-finan ne yaran suka fara buɗewa, ban san inda maganar za ta tsaya ba.

Ba zan ɓoye ba, na zo na ga ƙwarewar da ke cikinsu. Zanen yana da kyau, labarin a ɗaure yake, babu jan rai na banza, kuma jarumin, Constantine, ba tsarkakakke ba ne: duk nasarar da ya samu sai wani na kusa da shi ya biya kuɗinta. Na fahimci abin da ɗaliban jami'a suke nema a ciki, kuma yanzu su ne suka cike mini wani ɓangare na cinikin da na rasa. Amma ganin ƙwarewa bai sa na amince da ma'aunin Amurka gaba ɗaya ba. Su jini suke aunawa, da zagi, da tsiraici, da ban tsoro. Sihiri a karan kansa ba ya cikin abin da ke damunsu. Katun ɗin Doctor Strange na 2007 alamar PG-13 gare shi, wato gargaɗi ne kawai ga iyayen 'yan ƙasa da shekara 13, alhali daga farkonsa zuwa ƙarshensa koyon tsafi ne. Na Hellboy guda biyu, na 2006 da 2007, har a tashar Cartoon Network an nuna su, kuma jarumin kansa shaiɗani ne ja mai guntulallun ƙahoni. Babba ya san ƙage ne. Yaron da yanzu ake koya masa Falaƙi da Nasi, ba ni zan miƙa masa fim ɗin da mutumin kirkin cikinsa ke zana da'ira a ƙasa yana kiran shaiɗanu su taimake shi ba. Don haka rashin R a kan fim bai ishe ni hujja ba.

Yanzu ba na karɓar rabon folda na kowa. Kaya in sun zo, ni nake warware su. Jan fim gaba-gaba ana leƙawa ba ya wadatarwa, don abin da ya firgita yarinyar nan bai fi minti ɗaya ba, mai tsallake zai wuce shi bai sani ba. Duk katun ɗin da zai shiga foldar yara sai na zauna na kalle shi har ƙarshe, ko da zai ci mini dare da man janareta. Waɗanda na ware wa manya kuma nakan sauya musu suna, in fara da "18 BA NA YARA BA" kafin sunan fim ɗin, domin in an tura ta Xender daga waya zuwa waya folda ba lallai ta bi shi ba, amma suna yana bi.

Matsalar da ta rage mini ita ce 'yan shekara goma sha biyu zuwa sha huɗu. Labarin da ya ɓata mini suna a wurin iyaye shi ne ya yi mini talla a wurinsu. Sukan zo su ce yayansu ne ya aiko su a tura masa "na aljanun nan". Nakan ce yayan ya zo da ƙafarsa. Wasu su yi fushi su tafi shagon gaba, kuma na san a can za a tura musu, don had-disk ɗin mutumin nan ba ni kaɗai yake kai wa ba, foldarsa tana nan tana yawo a gari da sunanta na da. Na bi abokan sana'a na kusa da ni har shagunansu na nuna musu wurin matar da jaririn a wayata. Biyu sun goge a take. Ɗaya ya ce in bar shi, shi bai ga wanda ya kawo masa ƙara ba tukuna.

Yarinyar ta warware, tana barcinta. Dattijon yana amsa gaisuwata kamar da, amma filas ɗin gidansa bai sake zuwa shagona ba, kuma na ji an ce yanzu ƙaninsa ne ke zaɓar musu abin kallo da kansa.