Bayan tsoho a hoto daban, a tafiya daban

A aikinmu na gashin ƙashi babu abin da ya fi ɗaukar min lokaci kafin in gane kamar wannan: hoton eksire na tsaye ba ya faɗin gaskiyar bayan tsoho duka. Za a ce Baba ya tsaya ya miƙe, ya daure na ƴan daƙiƙu a ɗauka, hoto ya fito ba laifi, amma ka bi shi a baranda ya yi tafiyar minti biyar ko shida sai ka ga wani mutum daban, kai ya yi gaba, ƙirji ya bi kai, taku ya gajarce yana neman bango da hannu.

Yadda ake awon kam ba wuya. Ƙashin wuya guda 7 ne, na ƙirji 12, na ƙwanƙwaso 5, to daga na bakwai ɗin wuya ake sako layi ƙasa kamar igiyar magini, a ga ina ya faɗa. In bai wuce santimita 5 gaban tushen ƙashin baya ba ana cewa da sauƙi. Lanƙwasar gadon baya ta sama kuma digiri 20 zuwa 40 ita ce ta kowa, abin da ya haura haka shi ne doro ya fara. Matsalar ita ce jiki ya iya ɓoye abu wallahi. Da shekaru suka ja faifan da ke tsakanin ƙasusuwan sun bushe sun lotsa, lanƙwasar ƙwanƙwaso ta baje, sai mutum ya murɗa ƙugunsa baya ya ɗan sassauta gwiwa don kai ya dawo saitin ƙafa, shi kansa bai san yana yi ba. A tsaye wannan dabara tana ci. A tafiya ba ta ci, saboda kowane taku sai ƙafa ɗaya ta miƙe ta tsaya a baya, shi kuwa ya riga ya cinye wannan damar wajen murɗa ƙugun, sai ƙugu ya sake, gangar jiki ta zubo gaba, nauyin duka ya koma kan tsokokin baya da na ɗuwawu waɗanda dama sun yi rauni. Su kuma gajiya suke yi, shi ya sa minti na farko da na shida ba ɗaya ba ne.

Wani likitan ƙashi ɗan Faransa, Jean Dubousset, ya yi bayanin cewa akwai ɗan fili kewaye da ƙafafu wanda in jiki na cikinsa tsayuwa ba ta cin ƙarfi, da ka fita daga ciki sai tsoka ta biya. Ni a wajen tsofaffi na ga haka da idona, wanda ya ranƙwafa sosai haki yake tun kafin ƙafarsa ta gaji.

Abin da ya fi damuna shi ne ƴaƴa masu cewa "Mama ki miƙe mana" kamar da gangan take yi. Ranƙwafawa fa ba iri ɗaya ba ce. Akwai wanda hanyar jijiyoyi ce ta matse a ƙwanƙwaso, in ya miƙe ƙafafu su yi nauyi su ɗau zugi, in ya sunkuya hanyar ta ɗan buɗe ya samu sauƙi, irinsu ne za ka ga sun kwanta a kan keken tafiya suna ta zuba sauri, to wannan ka tilasta masa miƙewa azaba ka ƙara masa. Akwai mata da ƙashinsu ya yi laushi bayan ɗaukewar al'ada, ƙashin baya ya lotsa ta gaba ba tare da sun faɗi ba, tsawo ya ragu. Akwai kuma masu cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki, da ke naɗewa in suna tafiya amma da sun kwanta rigingine sai bayan ya miƙe sarai. Don haka yanzu kafin komai sai na kwantar da mutum na gani, in ya miƙe a kwance to akwai abin da motsa jiki zai iya, in ya ƙage a haka sai mu rage buri mu koma kan kare shi daga faɗuwa.

Ina kuma auna saurin tafiya, ƙasa da mita 0.8 a daƙiƙa alama ce ta raunin tsoka. Sauran aikin sananne ne, ƙarfafa baya da ɗuwawu, miƙar da tsokar gaban cinya da yawan zama ya ɗaure, tafiya gajeru ana hutawa kafin jiki ya zube.

Sai sanda, wadda mutane ke rainawa. Da yawa gajeriya suke riƙewa, ita da kanta take jawo su ƙasa. Mariƙinta ya zo daidai wuyan hannu in mutum ya tsaya ya saki hannu, kuma a riƙe ta a ɓangaren ƙafa mai lafiya, ba mai ciwon ba. Wannan na ƙarshen kullum sai mun yi gardama da su Baba kafin su yarda su gwada.