Waƙoƙin da Rolling Stones suka ara

Ni dai duk sanda na saurari "Time Is on My Side" ta Rolling Stones, ƙungiyar mawaƙan Landan, sai na lalubo ta Irma Thomas, mawaƙiyar New Orleans, na sa ta a baya. Duka biyun a 1964 suka fito, amma tata ce ta riga. Mick Jagger, mai rera wa ƙungiyar waƙa, bai rage mata komai ba, har ɗan surutun da take yi a tsakiyar waƙar sai da ya kwaikwaya. Tasu ta shiga sahun goma na farko a Amurka, tata ko a bayan faifai aka maƙala ta. Tunda ba ita ta rubuta ba, Jerry Ragovoy ne, babu kason da ya isa hannunta. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ta yi shekaru tana ƙin rera waƙar, don mutane na zaton ita ce ta ara.

Bobby Womack, wani mawaƙin Amurka, ya fi ta sa'a. Yaran Landan ɗin sun je ɗakin ɗaukar waƙa na Chess a Chicago a watan Yunin 1964, suka sake "It's All Over Now" tasa, ta zama waƙarsu ta farko da ta hau lamba ɗaya a Ingila. Da fari ransa ya ɓaci. Da kuɗin marubuci suka fara shigowa, sai fushin ya wuce.

Ban yarda a kira su ɓarayi ba. Ɓarawo ba ya nuna gidan da ya shiga. Sunan ƙungiyar ma daga waƙar baƙin mawaƙin Amurka Muddy Waters suka ɗauko, kuma ba su taɓa ɓoyewa ba. A 1965, da aka gayyace su shirin talabijin na Shindig! a Amurka, suka nace sai an kawo baƙin mawaƙin nan Howlin' Wolf, suka zauna a ƙasa suna kallon dattijon yana rera waƙa. Farar fatar Amurka da yawa ta bakin 'yan Ingila suka fara jin sunan baƙaƙen mawaƙan ƙasarsu.

A "Little Red Rooster", wadda Willie Dixon ya rubuta, Wolf ya fara rerawa, Rolling Stones suka sake, jitar ɗan ƙungiyar Brian Jones ta burge ni ƙwarai, yana jan ta kamar ba ya sauri. Muryar ce matsalar. Wolf ya haura shekara 50 lokacin da ya rera ta a 1961, Jagger kuwa yana da 21 lokacin da ya rera tasu, kuma kunne na jin bambancin tun daga baitin farko.