Kwamfuta na aiki, sikirin baƙi ƙirin

Sana'ata haɗa bidiyon biki da zanen fastoci, a wani ɗan shago da ke bayan Zoo Road. Kwamfutar aikina haɗin hannu ce, i5 na ƙarni na huɗu, kuma shekara da shekaru katin hoto GT 730 ne a cikinta, wato katin da ke fitar da hoto zuwa monita. Duk wanda ya taɓa jan bidiyon kamu a manhajar haɗa bidiyo ta Premiere da wannan katin ya san halin da nake ciki. Da bukukuwan gabanin azumi suka taso, aiki ya taru, sai na ɗaure na shiga Beirut Road na sayi wani katin, GTX 1060 mai 6GB, ɗan Beljiyam. A gabana mai shagon ya saka shi a tasa na'urar, hoto ya fito tar. Na ce masa tawa monitar tsohuwa ce, ramin VGA kaɗai gare ta. Ya zura hannu cikin wani kwali ya miƙo min 'yar adafta, DVI ta gaba, VGA ta baya. "Ga gyara nan, Alhaji, za ta yi maka." Har addu'a na yi masa.

Saka kati ba wani aiki ba ne. Na danna maɓalli, fitilar gaba ta kama, fankar furosesa ta tashi, monita ta rubuta "No Signal" ta koma barcinta.

Fankokin katin ne suka fara tsinka min zuciya. Suka ɗan juya, suka tsaya cik. Ashe kamfanoni da yawa haka suke ƙera katunan wannan zamanin, fanka ba ta motsi sai zafi ya kai wajen digiri 60. Na mayar da wayar VGA ramin madabod, wato babban allon da komai na kwamfutar ke kai, nan ma duhu. Shi ma wannan ba shaidar komai ba ne, domin yawancin madabod da zarar sun ga kati a raminsa na PCIe sai su kashe nasu hoton. Amma wanda bidiyon mutane ke wuyansa, dangin amarya na kira, ba ya tsayawa irin wannan lissafi.

Abubuwan da aka saba duk na yi. Na cire RAM na goge bakinta da kilina, na hure ƙurar hunturu, na zare batirin CMOS na mayar, na danne katin har maƙallin ya ce ƙas, na tabbatar wayar wuta mai fil 6 ta zauna. In na cire kati gaba ɗaya hoto ya dawo ta madabod. In na mayar, duhu.

Sai na kira wani abokina mai gyara a Farm Centre. Ban gama bayani ba ya katse ni: "Fawa fak ɗinka ne, mutumina, ba ya iya ɗauka." A yi masa adalci, maganarsa ba ta banza ba ce. Kwamfutocin da ke yawo a Kano da yawansu tsofaffin na ofis ne, HP da Dell, masu fawa fak, wato akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, na wat 240 da ko wayar fil 6 ba su da ita. Shi kuwa 1060 yana jan wat 120, ramin madabod 75 kawai yake iya bayarwa, ragowar ta waya take zuwa, kuma kamfanin katin, Nvidia, da kanta fawa fak mai wat 400 ta ce a nema. Na ce masa nawa 450 aka rubuta. Ya yi dariya, ya ce takardar da aka manna a jikin fawa fak na arha ba a rantsuwa da ita. Nan ma gaskiyarsa. Na kwashi kuɗin kafin alƙalami na wani aikin da ban ma fara ba, na sayo mai wat 550 sabo a kwali. Na kwance duk wayoyin cikin akwatin, na sake shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya, janareta na shan mai a waje. Na danna maɓalli. "No Signal."

Wallahi har yanzu in na tuna wannan kuɗin sai raina ya sosu, domin tsohon fawa fak ɗin lafiyarsa ƙalau, yana nan a ƙasan tebur.

Daga nan abokin nawa ya koma kan BIOS, 'yar manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta, wai ko madabod ɗin ya tsufa da katin, a sabunta shi. Akwai madabod na wajen 2011 da ke yin gardama da sababbin katuna, haka ne, amma nawa bai kai can ba. Kuma a garin da ake ɗauke wuta ba sallama, taɓa BIOS babu UPS kasada ce, in ta yanke a tsakiya madabod ya tafi ke nan. Allah ya sa na ja baya.

Yaron shagona ne ya warware abin. Yana zaune yana cin gurasa, na sake kunnawa a karo na ban san nawa ba, sai ya ɗago kai.

"Oga, ai tana shiga Windows. Ba ka ji ƙarar sifika ba?"

Ina ta jin ƙarar nan tun farko, kunnena ya saba da ita har ba ta shiga kaina. Ya matso ya danna Num Lock, fitila ta kama, ya sake dannawa, ta mutu.

"Ka gani, Oga, da ta maƙale ba za ta amsa ba. Mu aro talabijin ɗin mai aski."

Muka ɗauko ta, da wayar HDMI ta risibarsa. Kafin in zauna tambarin madabod ya bayyana, sai ga Windows, ga fayilolina reras. Kati lafiya, fawa fak biyu lafiya, BIOS lafiya. Saura 'yar adaftar nan ta gyara, wadda ko sau ɗaya ban kalla da zargi ba saboda ta shiga raminta daram, na ma ɗaure sukurorinta biyu.

Ga yadda abin yake, don na bi shi har ƙarshe saboda haushi. VGA hoton analog take ɗauka. Ramin DVI kuma iri-iri ne, ko da yake daga nesa duk farare ne masu kama ɗaya. DVI-I yana da ƙananan ramuka huɗu kewaye da tsagar nan mai faɗi ta gefe, ta nan analog ke fita, shi ya sa a tsofaffin katuna adafta mara komai a ciki take aiki, wayoyi kawai take sadawa. DVI-D ba shi da waɗannan ramukan, dijital zalla yake fitarwa. Tun jerin GTX 10 da suka fito a 2016 Nvidia ta daina saka analog a katunanta, abokiyar gasarta AMD ma ta riga ta a manyan nata tun R9 290 na 2013. To a 1060 babu wani analog da za a sada. Adaftar DVI-I ta gaskiya ma ba za ta shiga ramin ba, filolin nan huɗu za su tokare, nan take mutum ya gane akwai magana. Ita wannan da aka ba ni an ƙera ta babu su, don dai ta shiga. Kamar famfo ne da aka kafa a bango ba a ja masa bututu ba. Ban san wace irin zuciya ce ke ƙera abin da amfaninsa kawai ya shiga rami ba.

Maganin bai kai kuɗin man da janareta ya sha a daren nan ba: kwanbata daga HDMI zuwa VGA, mai ɗan cif a ciki da ke juya dijital zuwa analog. Daga DisplayPort zuwa VGA ma akwai, kuma katin yana da waɗannan ramukan. Wajen saye a lura, hanya ɗaya take bi. Wadda aka yi daga VGA zuwa HDMI kamarsu ɗaya a leda, amma ba za ta yi wannan aikin ba. Wasu kuma suna zuwa da 'yar wayar USB ta ƙarin wuta, a saka ta. Yawancinsu iyakarsu 1920 da 1080, wanda ya ishi tsohuwar monita. Ni tawa tana yi, sai dai ƙananan rubutu ba su fita sosai kamar yadda na gan su a talabijin ɗin mai aski, kuma ga mai zanen fasta wannan ba ƙaramin abu ba ne. Monita mai HDMI nake tara wa kuɗi yanzu, kuɗin da da tuni sun kusa cika ba don fawa fak ba.

Abin da nake gaya wa abokan sana'a shi ne, in sikirin ya yi baƙi bayan sauya kati, kafin a taɓa aljihu a saurari sifika, a danna Num Lock, a nemi talabijin ko ta maƙwabci ce a gwada da HDMI kai tsaye, ba adafta a tsakani. In za a sayi katin ma, a ɗauki monitar da wayarta a Adaidaita a je da su, a gwada da abin da za a yi aiki da shi. Gwajin da aka yi min a shago da monitarsu ce mai HDMI, bai gaya min komai a kan tawa ba.

Fawa fak dai bai mayu ba, an ce na yage ledar kwali. Mai katin kuma na koma na ajiye masa adaftarsa a kan kanta, na nuna masa inda filoli huɗun suka kamata su kasance. Ya juya ta, ya duba, ya ce shi bai taɓa samun wanda ya dawo da ita ba. Na leƙa kwalin, ya kusa rabi.