Lambar 10A da ta yaudare ni a ɗakin gwaji

Ni ne mai kula da sauti a 'yar ƙungiyarmu ta wasan daɓe. Kujerata tana can baya kusa da ƙofa, daga ni sai kwamfuta da ƙaramar mikisa. A wasan da muka yi bayan Sallah, darakta ya kafe sai an sa kiɗan okestira, wato na babbar ƙungiyar makaɗa irin ta Turawa, tsakanin fitowa da fitowa, ya kuma zaɓi wanda Edvard Grieg ya tsara wa wasan Peer Gynt na Henrik Ibsen, wanda aka fara nunawa a birnin da ake kira Oslo yau, a 1876.

Na ɗauka abin wasa ne, don na saba haɗa waƙoƙi a gidan biki. A can manhaja ce take gaya maka bugu nawa waƙa take yi a minti, da kuma gidan sautinta, wato inda take komawa ta huta. Akwai wata da'ira mai kama da fuskar agogo da ake kira Camelot, lamba 1 zuwa 12, harafin A na maina, wato gidan sauti mai kama da jimami, B na manja, mai kama da fara'a. In lambobin waƙa biyu ɗaya ne, ko maƙwabta, sai su shiga juna ba karo.

A wasanmu uwa ce take rasuwa, daga nan masu bin bashi su faɗo gidan. Kiɗan mutuwar Åse, mahaifiyar Peer, gidan sautinsa B maina ne (wannan B sunan sauti ne, ba harafin da'irar ba), wato 10A. Na fadar sarkin dutse shi ma 10A. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, na danna maɓallin da ke daidaita bugu, na jingina.

Abin da ya fito daga lasifika kamar kaset ɗin da rana ta dafa. Kiɗan sarkin dutse da sanɗa yake farawa, ana tsakurar tsirkiyar manyan goge da yatsa, sannan ya yi ta ƙara sauri har ya ƙare da gudun fitar rai. Ba shi da bugu ɗaya da za a rubuta masa. Na Åse kuwa yana numfashi ne yadda madugun makaɗa ya so, nan a ja, can a sassauta. Manhajar ta laƙaba wa kowanne lamba guda, ta shiga miƙe gogen tana matse su. Darakta ya juyo daga gaba ya ce, "Malam, wa ya taɓa mini kiɗan nan?"

Da na kashe maɓallin ma, wani ɗan tsami bai tafi ba a inda kiɗan biyu suka hau juna. Kwana biyu ina nema kafin na gane daga faifai daban-daban na ɗauko su. Wasu ƙungiyoyin makaɗa suna ɗaure sautin da ake kira A, wanda suke daidaita kayan kiɗa da shi, a kan kaɗawa 440 a daƙiƙa, wasu a Jamus da Ostiriya suna kai shi 443. Tazarar kaɗan ce, amma duk wanda ya taɓa jin goge biyu da ba a ɗaure su tare ba ya san wannan rawar da sauti yake yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kiɗan fitowar rana, wanda sarewa da obo, 'yar'uwar algaitarmu, suke miƙa wa juna. A wasan, a Maroko wannan hantsin yake fitowa, ba a tsaunukan Norwe ba. E manja ne, 12B, kuma da'irar ta ce ba ya zama kusa da 10A. Amma da Grieg ya ware kiɗa huɗu ya jera su a 1888, shi ya sa a farko, mutuwar Åse na biye da shi. Shiru kawai ya bari a tsakani.

Ranar wasa haka na yi. Na bar gogen Åse suka yi ta dusashewa har suka ɓace, idona yana kan yaron da yake ja wa uwar mayafi. Da ya saki bakin zanen na ƙirga numfashinsa uku. Ɗakin ya yi tsit, har ƙarar fanka ake ji. Sannan na ɗaga layin sauti a mikisa a hankali, ƙahon nan mai tsawo da yake buɗe kiɗan sarkin dutse ya shigo, aka fara buga ƙofar gidan.