Kaset, kalangu da mawaƙi: inda kowa yake cin abinci

Ba gadon sana'ar kaset na yi ba. Gidanmu 'yan koli ne da malamai, kuma a lokacin da na taso duk yaron da ya raɓi makaɗa kallon ɓatacce ake yi masa. Amma sayar da kaset kasuwanci ne, ba roƙo ba, saboda haka da wani abokin yayana ya nemi yaron shago a kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, mahaifina bai hana ba. Sharaɗi ɗaya kawai ya kafa mini, kada ya ji labarin an gan ni a bayan masu kiɗa.

Kwafa aka fara sa ni. Maigidana yana da rikodoji masu baki biyu jere a kan kanta. Ka sa uwar kaset a ɗaya bakin, sabon da ba komai cikinsa a ɗayan, ka danna, ka zauna kana jira. Akwai mai minti 60, akwai mai minti 90, kuma waƙar makaɗan gargajiya ba ta san agogo ba, guda ɗaya tana iya cinye rabin fuska. Dole ka san inda za ka yanke, don mai saye zai yafe maka komai ban da katse masa waƙa a tsakiyar kirari. In NEPA ta ɗauke wuta ana cikin ɗauka, sai dai a koma farko. In rikoda ta tauna zare, a zaro shi a hankali, a sa biro a naɗe, inda ya tsinke a liƙe da jan farce. Haka nake wuni cikin waƙa tun safe har magariba, har na haddace abin da ban yi niyyar haddacewa ba.

Wannan haddar ita ta zama jarina. Waƙoƙin mutanenmu na dā galibi ba su da suna a rubuce, da sunan wanda aka yi wa ake kiransu, kuma rabin masu saye ko wannan sunan ba su riƙe ba. Direban babbar mota zai tsaya a bakin shago ya ce, "Yaro, ba ni wadda aka yi wa mai motocin nan na Funtuwa." Wani ma amshin kawai zai rera maka da muryarsa mai kaushi, kai kuma ka miƙa hannu ka zaro. Duk layin kaset iri ɗaya muke sayarwa, farashi ɗaya, amma shagon da yaronsa ya san waƙa shi ke cika.

Kowane mai saye da lokacinsa. Da kaka, in manoma sun sayar da amfanin gona aka shiga bukukuwa, 'yan sari daga ƙauyuka kan kwashi kaya a kwali. Fatake daga Maraɗi da Damagaram ba sa wuce mu. Mahauta da 'yan kallon dambe kalangu suke so, matan aure kuma yara suke aikowa da sunan waƙa a bakinsu, sau tari kiɗan ƙwarya. Azumi na kamawa mu kan tattara kaset ɗin kiɗa mu tura ƙarƙashin kanta, a fito da tafsiri da karatun Alƙur'ani, sai ana jibi Salla a sake fito da su.

Abin da ya ɗauke ni lokaci kafin in gane shi ne yadda mawaƙin kansa yake kallon wannan ciniki. Wata rana wani mawaƙin kalangu ya shigo layinmu da mutanensa, ga waƙarsa tana tashi daga lasifikarmu, kuma ko kwabo ba mu taɓa ba shi ba. Na ɗauka rigima ce ta zo. Sai ya zauna a benci, aka kawo masa ruwa, ya tambayi maigidana, "Alhaji, ina da ina take zuwa?" Da aka ce masa har Agadas ana saye, sai ya yi dariya ya juya ya dubi 'yan amshinsa. Shi a wurinsa kaset ɗan aike ne, yana kai sunansa garin da ƙafarsa ba ta taka ba. Abincinsa yana wurin biki da naɗin sarauta da gidan ubangida, inda ake liƙi, ake ba da riga da doki da mota, wani lokaci har kujerar Makka. In an tashi daga wasa sai a zauna a raba, makaɗa da nasu, 'yan amshi da nasu, sanƙira da nasa. Ko waɗanda kamfani ya buga musu faifai tun zamanin garmaho, yawanci kuɗi ne dunƙule aka ba su sau ɗaya, shi ke nan. Ni dai har yau ina ganin an ci da guminsu, da mu da kamfanonin, ko da kuwa su ba su ɗaga murya ba.

A bayan layinmu akwai wani dattijo mai haɗa kalangu da gyaransa, Baba muke ce masa. In ciniki ya yi sanyi can nake zuwa in zauna. Ba shi ke sassaƙa kangon ba, masassaƙa ke kawo masa daga ƙauye, shi kuma ya ɗaga ya ƙwanƙwasa da yatsa ya kara a kunne, wanda bai yi masa ba ya mayar. Fatar akuya daga wajen mahauta take zuwa. Zai jiƙa ta, ya kankare gashin har ta yi laushi ta yi shara-shara, ya ɗinke ta a kan kirinya, sannan ya zauna zaren tsarkiya ɗaya bayan ɗaya daga wannan baki zuwa wancan. A nan gwanintar take. Tsarkiyar nan ita makaɗi yake matsewa a hammata ya saki, kalangu ya hau ya sauka kamar mai magana, har mahauci ya ji takensa daga nesa ya miƙe. In ta yi tauri kalangu ya ƙi magana, in ta yi sako-sako ya yi ta gunaguni. Da damina fata takan saki saboda laima, sai an shanya ko an kara a wuta. Da hunturu kuma ta bushe ta fashe, lokacin ne makaɗa suke yi wa Baba layi.

Yana taɓa goge da kukuma ma: ƙwarya, fatar guza, izgar doki, da ƙaron da ake gogawa a jikin izgar don ta kama. Na taɓa ce masa, "Baba, wannan wahala haka, nawa ake samu a ciki?" Bai ɗago kai ba ya ce, "Ɗan nan, kai in ka sayar da kaset ka rabu da mai shi. Ni wanda na haɗa wa kalangu, duk shekara sai ya dawo."

Shekarar 1999 ta tsaya mini a rai. A watan Yuni Alhaji Mamman Shata ya rasu, kuma makonnin da suka biyo baya rikodojinmu ba su huta ba dare da rana. A daidai wannan lokaci finafinan Hausa suka cika kasuwar, da waƙoƙinsu da ake haɗawa a situdiyo da fiyano. Mutum ɗaya da Yamaha a gabansa yana fitar da sautin kalangu da ganga da sarewa, aikin da a dā sai an tara ƙungiya guda. Lissafin ma ya juye. Yaro mai murya shi zai biya kuɗin situdiyo daga aljihunsa, sannan ya ɗauki waƙar yana bin furodusoshi ko wani zai saya ya sa a fim. Mulkin farar hula da ya dawo a wannan shekarar ya buɗe wata ƙofar, waƙar siyasa, wadda in ka duba da kyau tsohon tsarin ubangida ne ya canja riga. A 2001 gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace finafinai, a shekarar kuma wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya. Mun fi damuwa da hukumar, alhali wayar ce ajalinmu.

CD ya fara zuwa, muka yi murna don ya fi kaset saurin kwafa. Saurin nan kuwa bai tsaya a hannunmu ba. Ɗan kasuwa zai sayi waƙa da kuɗi masu kauri, ya buga, ya yi fosta, kafin ya mayar da uwar kuɗinsa masu satar fasaha sun cika tasha da ita a rabin farashi. Mu da muka shekara muna kwafar na wasu ba izini, bakinmu bai da ƙarfin yin kuka sosai. Daga nan memori ya shigo, yara da kwamfuta a ƙarƙashin lema suna tura wa mutum waƙa ɗari da kuɗin da bai kai na kaset ɗaya ba. Daga baya su ma Bluetooth da Xender suka rage musu ciniki, kowa yana tura wa abokinsa kyauta. Shagunan layinmu suka koma sayar da caja da gilashin waya da atamfa.

Cikin mu ukun nan, mai kaset da mai haɗa kalangu da mawaƙi, wanda ake ganin ya fi zama da gindinsa, mai shago da kanta da yara, shi ya fara faɗuwa. Mawaƙi ya koma inda dama yake ci: biki, siyasa, waƙar amarya da ango da ake saka sunayen dangi, yanzu kuma da ɗan abin da YouTube ke biya ga wanda ya iya riƙe tasharsa da kansa. Baba ya rasu, amma ɗansa yana nan a kan aikin, don ba a dambe ba kalangu, ba a hawan Salla da fiyano, kuma masu situdiyon ma in suna son waƙa ta yi nauyi sai sun kira makaɗi na gaske.

Ni yanzu kayan waya nake sayarwa, a gefe kuma ina juya tsofaffin kaset zuwa memori. Masu zuwa galibi 'ya'ya ne da jikokin waɗanda aka yi wa waƙa, suna neman inda aka ambaci mahaifinsu. Yaran mawaƙa ma sukan biyo neman shawara, abin da nake faɗa musu kuma bai wuce biyu ba: kada su sayar da waƙa dunƙule ba tare da takarda ba, kuma kada su bar uwar waƙar a kwamfutar situdiyo su tafi hannu rabbana. Kaset ɗin da ke cikin kwalayena kuwa zarensu yana manne wa juna saboda zafi, wasu in na sa a rikoda sai ƙara kawai, don haka na fi ba da dare ga juya waɗanda na san babu su a gidan rediyo.